Zauren Masu Mota: Dawakin Da Ake Sayarwa Cikin Akwati

A makon nan mun yi niyyar ci gaba da maganar tayoyi da muka faro, sai ga wata takarda ta iso mana daga Jalingo wadda muka ga ba za ta iya jiran wani mako ba, domin mai ita ya ce kuɗi na hannunsa, amsarmu kaɗai yake saurare kafin ya aika da su Legas. Saboda haka maganar taya ta dakata tukuna.

Mai takardar ɗan kasuwa ne, ya kuma roƙi kada a ambaci sunansa. Yana da Hilux mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu, ƙirar 2010, injinta lita 2.5, ta hannu ya saye ta. Da ita yake ɗaukar kaya kowane mako daga Jalingo zuwa Gembu a bisa tsaunin Mambila, ya sauko da dankali da ayaba da fiya. Ya ce gida biyu ke ci a jikin motar nan, nasa da na wansa marigayi. Kukansa shi ne motar ta yi sanyi: da ya wuce Mayo Selbe ya kama hawan dutse, sai ta riƙa nishi, har 'yan acaɓa suna wuce shi suna yi masa sannu. To, ƙanen matarsa da ke zaune a Legas ya ba shi labarin wani ɗan akwati da ake sayarwa a kasuwar Ladipo, bai fi tafin hannu ba, ana maƙala shi a jikin inji cikin minti 15 ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, ya ƙara wa mota ƙarfi kashi 30 cikin 100, ya kuma rage mata shan mai. Tambayarsa a gajarce take: gaskiya ne ko ƙarya?

Alhaji, da ƙarya ce tsagwaronta da na huta, in ce maka riƙe kuɗinka, in koma kan tayoyina. Wahalar ita ce akwai gaskiya a ciki. Akwatin nan, idan na kirki ne, lalle yana ƙara ƙarfi, za ka kuma ji bambancin a ƙafarka tun a ranar farko. Abin da mai sayarwa bai gaya wa surukinka ba shi ne inda dawakin suke fitowa, da wanda zai biya kuɗin harawarsu. Wannan shi za mu duba yau, ka yi mana haƙuri idan mun ɗan zagaya.

Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya ƙago har ya tashi sosai a garin Augsburg cikin 1897, ba shi da fulogi. Iska yake zuƙa ya matse ta har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Idan direba ya taka totur, mai yake ƙarawa, ƙarfin inji kuwa yana bin yawan man da aka fesa. Tsofaffin direbobinmu na zamanin Marsandi 911 sun san wannan tun ba a haifi masu sayar da akwati ba. A jikin famfon mai akwai wani ɗan noti da kamfani ke ɗaure wa waya ya buga masa hatimin dalma don kada a taɓa. Direban da ke son ya riga abokansa isa Kano da goron Shagamu sai ya ba makanike na goro, a fasa hatimi, a ɗan juya notin. Mota ta riƙa cin hawa kamar an koro ta, tana bar wa na baya baƙin hayaƙi. Mai mota yana gida bai san wainar da ake toyawa ba, sai ranar da aka aiko masa cewa inji ya buga a Jebba.

Akwatin da ake yi maka talla jikan wannan noti ne. Abin da ya sa ya zo da sabuwar kama shi ne motocin yanzu ba su da notin da za a juya. Tun daga 1995, lokacin da kamfanin Denso na Japan ya sa wata sabuwar dabara a manyan motocin Hino, da 1997 da dabarar ta shiga ƙananan motocin Turai, aikin ya sake. Yanzu famfo yana tura mai cikin bututun ƙarfe guda ɗaya mai kauri, ya tara shi da matsi mai tsanani, dukan nozul suna sha daga wannan bututu. Ita ce dabarar da Toyota ke rubuta wa D-4D a jikin mota irin taka. Don ka gane girman matsin, iskar da ke cikin tayarka ba ta wuce awo 2 ko 3 ba a ma'aunin da ake kira bar. Na farkon waɗannan injuna suna matsa mai har 1,350, na baya-bayan nan kuwa sun haura 2,000. Mai yanke hukuncin yawan man da za a fesa da lokacin fesawa ita ce kwamfutar mota, wadda makanikanmu ke kira birenbos, mu kuwa za mu kira ta ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar nan ba ta da ido. Tana da 'yan rahoto ne, watau sansa: wata a jikin bututun mai tana faɗa mata matsi, wata tana auna iskar da tobo ke turawa, wata zafin ruwa, wata juyin inji. Kamar sarki take a cikin fada, abin da fadawa suka kawo masa shi ne iyakar saninsa.

To, akwati bafade ne mai shiga tsakani. Mai wayarin zai zare soket ɗin sansar bututun mai, ya soka akwatin a tsakiya. Alal misali sansa ta ce matsi ya kai 1,600, sai akwati ya karɓi saƙon ya gaya wa ƙwaƙwalwa 1,400 ne. Ƙwaƙwalwa ta ga an gaza abin da take so, ta umarci famfo ya ƙara himma. Nozul ya buɗe daidai tsawon lokacin da ya saba, amma man da ya fita ya fi na da, sai mota ta zabura. Iyakar sana'ar mafi yawansu ke nan, sauya magana tsakanin bawa da ubangidansa. Masu tsada a cikinsu suna da waya ta biyu da ke zuwa sansar tobo don a ƙara iska tare da mai, waɗansu kuma ba su taɓa matsi, sai dai su tsawaita buɗewar nozul. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan aiki, irin su RaceChip da DTE a Jamus, da Steinbauer a Ostiriya, da Unichip a Afirka ta Kudu, kuma ba 'yan damfara ba ne, suna gwada kayansu a kan kowane irin inji kafin su sayar.

Sai dai kasuwa ta haɗa abubuwa uku da wannan akwati, ya kamata a rarrabe maka su. Na farko babu akwati a cikinsa: ana haɗa kwamfutar hannu da soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari a sake rubuta lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta. A hannun gwani wannan ya fi akwati tsabta, domin ƙwaƙwalwa ta san gaskiyar abin da ke gudana. A hannun ɗan koyo da ya kwafo lissafin wata mota daga intanet, ya fi akwati haɗari. Na biyu ana maƙala shi a totur ne, ba ya ƙara ko doki ɗaya, sai dai idan ka taka kaɗan ya gaya wa ƙwaƙwalwa ka taka da yawa. Na uku shi ne ɗan ƙaramin nan na roba mai kyaftawar fitilu da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari, wanda kuɗinsa bai fi na abincin rana ba. A 2017 wani kamfanin binciken na'urori na Faransa mai suna Quarkslab ya sayi ɗaya mai suna Nitro OBD2 ya farke shi, ya tarar ko magana ba ya yi da motar, fitilunsa kawai yake kyaftawa. Idan shi surukinka ya gani, abin dariyar shi ne ya fi sauran duka sauƙin ɓarna, domin aljihunka kaɗai zai taɓa.

Yanzu mu zo ga asalin magana. Kamfanin da ya ƙera inji bai san hannun da motar za ta faɗa ba. Mota iri ɗaya za ta je ƙasar ƙanƙara, ta je hamada, ta faɗa hannun mai yin juye a kan lokaci, ta faɗa hannun wanda ba ya tuna baƙin mai sai jar fitila ta kama. Saboda haka ba ya sakin dukan ƙarfin da ƙarfen zai iya bayarwa, yakan bar rara saboda ranar zafi, da ranar mugun mai, da ranar lodi, da tsufa. Manomi mai hankali ma haka yake yi da rumbun tsimi, ba ya buɗe shi da kaka don kawai ya ga hatsi a ciki. Akwati ba ya zuwa da doki ko ɗaya daga masana'antarsa. Rumbun tsimin injinka yake fasawa ya miƙo maka abin da ke ciki. Tambayar da ta kamata ka yi wa kanka ita ce, motar da aka ƙera a 2010, ta yi aikinta a wata ƙasa, ta zo ta yi shekaru tana hawan Mambila da lodi, me ya rage a rumbunta?

Mai sayarwa yana da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Zai ce maka injin nan naka mai lita 2.5, wanda Toyota ke kira 2KD, kamfanin da kansa ya sayar da shi a mataki uku, mai doki 102, da mai 120, da mai 144, watau ashe ƙarfin yana nan an danne shi ne kawai. Adadin daidai ne. Abin da ya tsallake shi ne mai doki 120 an ƙara masa wani lagireto na musamman da ke sanyaya iskar tobo kafin ta shiga inji, mai 144 kuma tobonsa ma dabam ne, mai fikafikan da ke buɗewa da tsukewa. Haka kuma a 2020 da Toyota ta ɗaga injin sabuwar Hilux mai lita 2.8 daga doki 177 zuwa 204, sai da ta sa tobo mafi girma, ta gyara fistan da hanyoyin sanyaya inji. Masu ƙera abin da hannunsu sai da suka sauya ƙarfe kafin su ƙara doki 27. Kai kuwa an ce maka waya biyu da minti 15 sun isa.

Dubi ɗaya gefen kuma. Land Cruiser ɗin nan mai ƙirar akwati da ƙungiyoyin agaji ke shiga daji da ita, wadda kuma ake ratsa hamada da ita daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, yawancinta injin 1HZ ne a ciki, wanda ya fito tun 1990. Lita 4.2 ne, silinda 6, babu tobo, famfonsa na ƙarfe ne zalla, ƙarfinsa kuwa doki 130 ne ko kusa da haka. Watau inji mai girman wannan bai kai ƙaramin injin Hilux na yanzu ƙarfi ba. Masu neman sauri suna yi masa dariya, amma direban da ya san idan mota ta mutu tsakanin rijiya da rijiya ba makanike zai nema ba, sai mai wanka da likkafani, shi ya san abin da ya saya. Rumbun wannan inji cike yake, shi ya sa yake haɗiye mugun mai da rairayi da zafi ya wuce. Babu akwatin da ake sa masa, domin babu ƙwaƙwalwar da za a yi wa ƙarya.

Inda wannan sana'a ta fi kafuwa a kan motoci masu ja da ƙafa huɗu ita ce Ostareliya. Ƙasa ce mai faɗi da dogayen hanyoyi, mutanenta kuma suna da al'adar ɗaura wa mota ɗakin kwana mai taya, mai nauyin tan 3 ko fiye, su ja shi kwana da kwanaki. A can ne aka fi yi wa Land Cruiser mai silinda 8 wannan aiki, wadda ta fito a 2007 da doki 205 a jikin akori-kura, alhali ɗan'uwan injin mai tobo biyu yana ba da 265 a jikin babbar jif. Amma dubi yadda mai hankalinsu yake yi. Ana ɗora motar a kan na'urar awo mai nadi, a taka ta har ƙarshe ana duban mai da iska da zafi, kafin a sa da bayan an sa. Ana sauya kuloci da mai ƙarfi, domin na asali yakan fara zamewa. Ana sauya salansa da mai faɗi, a ƙara filtar mai ta biyu, a kuma kafa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. Kuɗin waɗannan sukan ninka na akwatin. Bayan haka gas ɗin da suke sha tun 2009 farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Duk da wannan shiri, idan inji ya fashe kamfanin mota ya gano an taɓa shi, maganar garanti takan zama shari'a. Mu a nan akwatin kaɗai ke isowa Ladipo, sauran kayan da ke rufa masa asiri suna can inda aka baro su.

Agogon zafin hayaƙi da na ambata shi ne zuciyar maganar. Injin fetur idan mai ya yi masa yawa sanyi yake ƙarawa. Injin gas kuwa idan mai ya rinjayi iska zafi yake ƙarawa, ya fito da baƙin hayaƙi. Fistan na alminiyam ne, watau goran-ruwa, wanda zallansa ke narkewa a awo 660 na zafi, wutar da ke tashi a kansa kuwa ta fi haka nesa. Abin da ke cetonsa shi ne wutar ba ta daɗewa, kuma ana fesa masa baƙin mai daga ƙasa yana sanyaya shi. Idan aka ƙara mai aka daɗe ana takawa, zafi yakan taru fiye da yadda ake kwashe shi, har kan fistan ya tsage ko ya huje. Allurar zafin da ke gabanka ba za ta gaya maka ba, domin ruwa take aunawa, kafin ruwa ya ji labari aikin gama ya gama. Ƙwaƙwalwa kuma, wadda aka yi ta don ta rage mai idan abu ya yi tsanani, bafadenta yana ta gaya mata lafiya lau.

Na taɓa ganin irin wannan da idona a wani gareji a Agege. Akori-kura ce ta wani mai kai kifi, an buɗe kan inji, ga fistan na uku da rami a tsakiya wanda ɗan yatsa zai shiga, gefensa ya narke kamar kakin zuma. Mai motar yana tsaye yana rantsuwa allura ba ta taɓa motsi ba, kuma gaskiyarsa ne. Makaniken, wani dattijo mai ƙarancin magana, bai ce masa kome ba, sai ya miƙa hannu bayan batir ya zaro ɗan akwatin da wayoyinsa, ya ajiye masa a kan bonet kusa da fistan ɗin. Wata biyar ya yi yana jin daɗinsa. Motar ta yi wata uku a garejin kafin a haɗa kuɗin inji.

Shi wannan a hanyar Legas zuwa Ibadan yake aiki, wadda ba ta da wani hawan kirki. Kai fa? Tsaunin Mambila yana bisa kimanin mita 1,600, inda iska ta fi ta bakin teku sirantaka da wajen kashi 15 cikin 100. Don ya cike wannan giɓi tobonka yana juyi fiye da yadda yake yi a Jalingo. Ga lodi, ga hawa mai tsawo da kwana-kwana, ƙafarka tana ƙasa minti bayan minti, motar kuwa tana tafiya a hankali, saboda haka iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce. Da za a tara injiniyoyi a ce su zana hanyar da za ta fi gwada haƙurin fistan, da wuya su zana wadda ta fi ta Mayo Selbe zuwa Maisamari. A daidai wurin da kake son akwatin ya taimake ka, a nan ya fi iya kashe maka inji. Kada kuma a manta, dawakin da aka ƙara na hawa ne kaɗai; birkin da za ka sauko da shi da buhunan dankali shi ne dai na jiya.

Sai maganar man da muke sha. Ramukan bakin nozul ba su fi kaurin gashin kai biyu ba, famfon kuma man gas ɗin kansa ne ke yi masa maiƙo. Ɗigon ruwa, ko ƙura, ko kananzir da aka gauraya, kowanne yana cin waɗannan ƙarafa, matsi kuwa idan ya ƙaru cin yana ƙaruwa. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya tona irin gas ɗin da ake kawo wa Afirka ta Yamma, a lokacin da ƙa'idar Nijeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10. Daga baya an tsuke ƙa'idar, matatar Dangote kuma ta fara fitar da gas a 2024, al'amari ya yi dama. Amma jarkar ɗan bumburutu a bakin hanyar Bali ba ta karanta ƙa'ida ba, kai ma ka san ranar da tanki ya yi ƙasa da dare ba ka tambayar asalin mai. Nozul da ya lalace yakan daina fesawa ya koma tsiyaya, tsiyayar nan kuwa a wuri ɗaya take sauka a kan fistan kamar wutar mai walda.

Batun rage shan mai ba zai ɗauke mu lokaci ba. Lissafin da wasu motoci ke nunawa a gaban direba daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ita kuwa man da take zaton ta fesa take ƙirgawa. Tun da an ɓoye mata ƙarin, dole lissafin ya yi kyau. Mai tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba lodi, wanda ƙarin ƙarfin ya sa ya daɗe a babbar giya, yana iya ganin ɗan sauƙi na gaske. Wanda ya sayi dawakin don ya yi aiki da su kuwa sai ya ciyar da su. Awo ɗaya ne ba ya ƙarya: cika tanki har baki, rubuta kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa a famfo ɗaya, ka raba.

A ƙasashen da abin ya fito ma hukuma ba ta sakar masa mara ba. A Jamus wanda ya sa akwatin da ba a amince da shi ba, ba a kuma shigar da shi cikin takardun mota ba, izinin hawa hanya na motar ya faɗi. A Ingila wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora yana iya rasa diyya ranar haɗari. A Amurka cikin 2013 hukumar kare muhalli ta ci kamfanin Edge Products tarar dala 500,000 saboda na'urorin da ke ba masu akori-kura damar cire matatar hayaƙi. Ba don ƙyashi suke yi ba: tun 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Baƙin hayaƙin da direba ke alfahari da shi, mai tallar gyaɗa a bakin tasha ce ke shaƙarsa.

To, Alhaji, ga shawarata. Ni a ganina motarka ba ƙarin dawaki take nema ba tukuna, nata na asali ne suka ɓace, kuma nemo su ya fi araha. Fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni. A sauya ta, kada a yi ta busa ta da iska har ta yage. A sauya filtar mai da ta ainihi, a zubar da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinta. A cire nozul huɗun nan a kai su wurin masu na'urar gwaji, kada a yarda da gwajin ido. A buɗe bututun da iska ke bi ta shiga inji, domin irin waɗannan injuna suna mayar da wani kashi na hayaƙi ciki, shekara da shekaru kuwa kunkunniya da maiƙo sukan taru har hanyar ta tsuke. Na ga wadda aka kankare aka cika gwangwanin madara biyu. A duba robobin iskar tobo ko akwai mai tsagewa, a wanke lagireto ciki da waje. Idan ka sa mata tayoyin da suka fi nata na asali tsawo don kwalliya, su ma suna cin ƙarfinta a hawa. Sa'an nan, don Allah, ka auna lodinka sau ɗaya a sikeli. An yi motar nan don kaya kusan tan 1 ne, har da kai da yaron mota, ina kuwa kyautata zaton abin da kake ɗora mata ya wuce nan da nisa. A hawa kuma kada ka ji kunyar ƙaramar giya. Inji mai juyi da sauƙi ya fi wanda ake danne wa totur a babbar giya sanyi, 'yan acaɓa su yi ta sannunsu.

Idan ka yi duk wannan har yanzu ranka yana kan akwati, motarka ce, kuɗinka ne. Amma agogon zafin hayaƙi ya riga shi shiga motar, ka yi tafiya biyu ko uku da shi ka san awon da ta saba kaiwa a hawan dutse. Ka sayi wanda aka yi musamman don injinka, mai sunan kamfani da adireshinsa, ka bar shi a mataki mafi ƙanƙanta. Duk sa'ad da agogo ya haura abin da ka saba gani, ko ka hangi baƙi a madubi, ɗaga ƙafa ka sauya giya. Kuma kafin ka aika da ko kwabo Legas, ka je Jalingo ka tambayi kuɗin inji na hannu da na nozul huɗu, ka ga ko kana da su a ajiye, tun da ka ce gida biyu ne.

Muna roƙonka ka sake rubuto mana bayan an yi gyaran, ka faɗa mana giyar da ta hau dutsen da ita da litar da ta sha zuwa da dawowa, domin akwai masu bin hanyar Obudu da ta Jos da za su so ji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan tayoyi, mu duba lambobi huɗun nan da ke jikin kowace taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta.